Muryar da Ghali Ya Sani

"Kira sunansa," in ji likita, ta miƙo min makirfo.

Ta bayan gilashi nake hango mijina Ghali cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ƙafafunsa kaɗai a waje, kamar mai jiran a yi masa sallah. Tun da babur ya kayar da shi a hanyar Falgore bai ƙara sanin inda kansa yake ba. Idonsa biyu, amma ba ya ganin kowa.

Jiya an auna sinadaran ƙwaƙwalwarsa, an ce da sauran fata. Yau za a ga ko tana amsa murya. In ba ta amsa ba, surukata Inna Saude za ta kwashe ɗanta zuwa Burumburum a jira ikon Allah, ni kuma da take kira mai farar ƙafa in koma gidanmu Dangora.

Na kai makirfon bakina na ce, "Ghali..."

Likita ta daɗe tana duban allon, ta girgiza kai.

Ta juya ga Inna da ke tsaye a gefena. "Mama, ko ke za ki gwada?"

"Ɗan fari ne," in ji Inna, ta kau da kai. "Ban taɓa faɗar sunansa ba."

Ni ma ai yau na fara faɗarsa! Wace matar kirki ce ke kiran sunan miji gatsal?

"To da me kike kiransa, Rufaida?" in ji likita, ta dube ni.

Kunya ta rufe ni. A gaban uwarsa? Amma tsoron rasa shi ya fi ƙarfin kunyar. Na runtse ido.

"Nawan... Nawan, tashi mana! Kullum sai kununka ya huce, rana ta fito ba ka je gona ba. Haba masoyina, ka bar ni ni kaɗai..."

Kuka ya ci ƙarfina.

"Ku duba!" in ji likita. Wani ɗan wuri a hoton ya yi ja. "Nan ne ake gane murya. Ya ji ki."

Inna ta dafa bango.

"Likita... wato abin da muke faɗa a kansa yana ji?"

"Mai yiwuwa, Mama."

"Innalillahi! A gabansa fa na ce a tanadi likkafani. A gabansa na kori matarsa..."

Ta kamo hannuna, nata ya yi sanyi ƙalau.

"'Yata, don Allah ƙara yi masa magana. Ki ce masa ba inda za ki."