Lambar Da Ba Wanda Ya Saka

Da la'asar sakaliya Badaruddeen ya baro Dutsin-Ma da maganin Innarsa a aljihu, ya kama hanyar Wurma a kan mashin. Shi ke kula da zauren Watsaf na mutanen garinsu, inda ake cigiyar dabbobi da sanar da rasuwa. Dokarsa ɗaya ce: ban da zagi.

Tun farkon damina zauren ya rikice. Wata lamba marar suna ta shigo, kuma tsakaninsa da Malam Sa'idu, wanda suke riƙon zauren tare, ba wanda ya saka ta. Da manomi da makiyayi sun fara sa-in-sa kan ɓarna, sai ta jefa magana guda, ta tono abin da aka binne tun zamanin kakanni. Har ta kai Alhaji Ilu manomi da Sagiru makiyayi sun sa ranar haɗuwa a burtali da sanduna. Ran nan da safe Badaruddeen ya goge saƙonninta, ya cire ta.

Rana ta yi ja lokacin da ya iso wani kwalbati tsakanin gonakin dawa. Mashin ya yi tari, ya mutu.

Ya buga. Shiru. Ya sake bugawa.

Sai ya lura kwaɗi sun daina kuka. Ko ganyen dawa ba ya motsi. Wani wari ya taso daga ƙarƙashin kwalbatin, na ruwan da ya daɗe a kwance, gauraye da ƙaurin gashi.

Mutum ne zaune a bakin kwalbatin, lulluɓe da tsohon bargo, kansa a sunkuye. Wani shuɗin haske na dukan haɓarsa kamar mai duba waya. Hannuwansa babu komai. Manyan yatsunsa ne kawai ke motsi a iska.

"Salamu alaikum, Baba," in ji Badaruddeen.

Ba a amsa sallamar ba.

"Kai ne ka fitar da ni," mutumin ya ce can ƙasa-ƙasa. Muryar Alhaji Ilu ce sak.

"Baba, ni ban san ka ba."

"Mi na yi maka?" Wannan karon muryar Sagiru ce ta fito daga bargon. "Abin da ke cikinsu kawai nake taya su fiddawa."

Wayar Badaruddeen ta yi zafi a aljihu. Bai san lokacin da ya zaro ta ba. Zauren a buɗe yake, lambar na jira, saura a danna a maida ta ciki.

"Maida ni," aka raɗa masa, da muryarsa shi kansa. "Gobe akwai jini a burtali. Ina son a yi da ni."

Babban yatsansa ya soma sauka, ba da izininsa ba.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya zama dutse.

Mutumin ya miƙe. Bargon ya yi ta tsawo har ya wuce kan dawa.

Sanyi ya taɓa bayan wuyansa.

Can nesa ladan ya ɗaga murya da kiran magariba. Harshen ya saku. Badaruddeen ya ƙwalla a'uziyya, ya wurga wayar cikin ruwan, ya faɗa gona a guje. Karare na yankar fuskarsa. A bayansa dariya ta ɓarke, ta mutane da yawa, kuma kowace murya ya san mai ita.

A bakin rugar Sagiru ya faɗi, Sagirun ne ma ya goyo shi zuwa gida. Da Malam Sa'idu ya ji labari, ya rufe zauren, ya zaunar da Alhaji Ilu da Sagiru a tabarma ɗaya. Ba wanda ya je burtali.

Yanzu ana rufe zauren kafin faɗuwar rana, kuma wanda ya yi zagi, Badaruddeen har gida yake samunsa su yi magana. Yatsan nan nasa ko allura aka soka ba ya ji.

Bayan kaka, wata yamma, ƙanwarsa Muhsina ta kira shi. Ita ke riƙe da zauren Watsaf na matan garin Ɗantutture.

"Yaya, wata lamba ce ta addabe mu da haɗa faɗa, kuma ba ni na saka ta ba."

"Kin cire ta?"

"Ɗazu na cire ta."

Badaruddeen ya ɗaga kai. Rana ta yi ja.

"Muhsina, kina ina?"

"Ina hanya," ta ce. "Mashin ɗin ne ma ya mutu mana."