Lakar Tsohuwar Rijiya

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Maigidan ya leƙa waje, bai ga kowa ba. Na biyu a tsakiyar falo ya sauka, tagogi duk a rufe, ga shi jiƙe da baƙar laka.

Matar gidan a wani ɗakin gwaje-gwajen kimiyya take aiki. A makon nan ta ɗebo laka daga wata rijiya da aka daina sha, don a gano abin da ke rayuwa a ciki. Ta tace, ta wanke, ta zubar da dattin, har ya rage ɗigo ɗaya na ƙwayar halitta a gindin kwalba. Ta sa a na'urar da ke ninkawa, zafi da sanyi, zafi da sanyi, ɗaya ya koma miliyoyi, ta rarraba a kwalabe. Da wuta ta ɗauke a wurin aiki, sai ta kawo kwalaben gida ta jera a firij.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsu mai shekara tara ta zauna gaban firij ta ƙi tashi, tana gurnani da muryar tsoho.

Aka ɗauko malami. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai rijiya," in ji muryar. "A lakar nan na binne autana. Matar nan ta wanke shi, ta zubar a kwata, ta ninka ragowar. Yanzu miliyoyi ke kuka cikin sanyin nan, ko ɗaya bai san ni ba."

Uwar ta durƙusa. "Wallahi ban sani ba. Kaɗan na ɗiba."

"Ka fita, a mayar maka da kwalaben," in ji malam.

"A mayar. Ni ma kaɗan zan ɗiba."

"Ban da rai, ban da jini, ban da hankali," in ji malam.

"Na yarda."

Yarinyar ta yi atishawa ta zube. Kafin rana ta ɗaga aka juye kwalaben a rijiya, jifa ya tsaya.

Ta farka lafiya lau, ta rungume ubanta, ta ce yunwa take ji. Uwar ta miƙo hannu tana kuka, yarinyar ta ja baya ta laɓe a bayansa.

"Baba, wace ce wannan?"

An nuna mata hotuna, an yi rantsuwa, an sake ɗauko malamin, ya girgiza kai ya tafi. Shekara shida ke nan. Kullum da safe yarinyar takan rusuna wa uwar cikin ladabi ta ce, "Ina kwana, Anti."