Rigar Matsakaicin Mutum

A wani zamani can baya, an yi wani tela mai ƙyuya. Da Sallah ta matso, mutanen gari suka kawo masa yadi, ya auna kowa. Amma ya ga yanka wa kowa nasa wahala ne. Sai ya haɗa awon duka, ya raba da yawansu, ya ɗinka rigunan a kan matsakaicin da ya samu.

Dogo ya gwada, ya ce, "Ba tawa ba ce." Gajere ya gwada, ya ce, "Ba tawa ba ce." Kaf garin ba wanda ta yi wa daidai.

Da rana tsaka wani baƙo ya shigo ba sallama. Ba shi da inuwa. Ya zura riga ɗaya, ta zauna masa cif.

Tela ya ce, "Malam, daga ina?"

Baƙon ya ce, "Daga cikin lissafinka. Mu ne ka ɗinka wa. Sauran 'yan'uwana suna tafe."

Tela ya leƙa waje, ya hango su a jere, tsayinsu ɗaya, fuskarsu ɗaya. Sai ya ɗauki reza, ya fara farke ɗinki.