Layin Masarar da Ya Ƙi Mutuwa

A shagon kayan noma suka fara haɗa ido. Auta ta zo sayen ƙotar fartanya, Dogo mai shagon ya tsaya kallonta har ya miƙa mata lauje.

"Malam, da wannan ake noma a gidanku?"

Kafin wata ya cika, ya haddace lambarta fiye da farashin taki.

Mahaifinta kuwa ba ya yarda da komai sai ya ɓare shi ya duba. Irin masararsa na gado ne, a rataye yake a ɗakin ajiya, shi kaɗai ke riƙe da makullin. Sabon irin nan da aka sarrafa ake sayarwa a shagon Dogo, wanda maganin ciyawa ba ya kashewa, ko a tafin hannu ba ya karɓarsa.

"Abin da guba ta kasa, shi zan zuba wa cikina?" in ji shi. "Feshin kuma ina yake gangarawa in ba rijiya ba?"

Da ya ji wanda ke zuwa wajen 'yarsa, ya ɗaure fuska. "Mai shagon nan? Ba na son irinsa."

Auta ta rubuta wa Dogo tana share hawaye: "Masoyina, Baba ya ce ba ya son irinku."

Amsa ta zo da zafi: "Zumata, talakawa ne mu, amma ba mu da abin kunya. Me iyayena suka yi masa?"

Kwana uku ba ya ɗaga waya, sai da ta same shi a shago.

"Irin da ke cikin buhun can yake nufi, sarkin fushi, ba kakanninka ba."

Kunya ta kama shi. Don wanke kansa, ranar shuka ya bi su gona, ya yi layi ɗaya tare da ita a bakin iyaka. Baba na biye da su yana leƙen aljihun Dogo.

Bayan sati uku maƙwabci ya yi feshin maganin ciyawa ranar iska. Layuka huɗu na Baba suka ƙone, amma na bakin iyaka, wanda ya fi kusa da feshin, yana nan kore shar.

Ɗan maƙwabcin, wanda ya daɗe yana son Auta, ya matso yana sosa ƙeya. "Baba, ni dai ban ce komai ba. Amma wa ya shuka layin nan?"

Ko Auta sai da ta fara zargi. Ta rubuta wa Dogo: "Ka gaya min gaskiya. Ni ka zo nema, ko gonarmu ka zo cusa wa hajarka?"

Da safe sai ga shi da tankin feshi a baya da tarin buhuna a hannu.

"Baba, ranar na hango maƙwabcinka yana haɗa magani, na ruga na lulluɓe abin da buhunan suka isa. Layinmu kawai suka rufe."

"Baki ne," in ji Baba. "Kowa na da shi."

"To a fesa wa guda uku. In sun rayu, ba za ka sake ganin ƙafata a ƙofarka ba."

Baba da kansa ya fesa, ya toshe hanci da hula. Kullum sai ya je ya tsuguna a kansu, Auta kuma ko abinci ba ta iya ci. Rana ta shida ganyen ya yi ruwan ɗorawa, ta takwas suka kwanta.

Ni dai ban taɓa ganin manomi na dariya don shukarsa ta mutu ba sai ranar.

"Tawa ce!" Ya dubi Dogo. "Turo magabatanka. Amma buhun can ba zai kwana gida ɗaya da 'yata ba."

"Na mayar wa masu shi tun ranar da na ga layukanka a ƙone, Baba."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya buɗe ɗakin ajiya, ya ciro damin masara mafi kyau ya ɗora wa ango a hannu.

"Ga irina, ga 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Auta ta raɗa masa daga cikin mayafi: "Ka ji? Yanzu yana son irinka."