Ƙofar Tafi-da-gidanka

Motar ta shimfiɗa teburin karin kumallo da kanta, ta zuba shayi a kofi biyu, sannan ta rage gudu don fasinjoji su ga yadda rana ke tasowa a kan ruwa. Muryar da ke fitowa daga rufi ta ce su dubi hagu, ga Tafkin Chadi da ɗan'adam ya cika da hannunsa bayan ya ƙafe.

Malam Tanimu bai duba ba. Tsohon direban tirela ne, ya ci ƙuruciyarsa a kan sitiyari, kuma tun da shi da matarsa suka bar Birnin Gaɓa abu ɗaya ke cin ransa: motar nan ba ta da sitiyari, ba ta da birki, ƙofarta ma ba ta da mariƙi. Tafi-da-gidanka ake ce mata. Akwai gado, akwai kicin, akwai banɗaki, har da wurin salla mai juyawa ya bi alƙibla duk inda hanya ta karkata. Tana bin titin da aka zagaye tafkin da shi, titi mai hannu ɗaya, kuma ba ta tsayawa sai a wuraren kallo da kamfani ya zaɓa. Wanda ya wuce wuri, sai ya gama zagaye tafkin kaf kafin ya sake ganinsa, tafiyar da ke cin kusan wata.

Ɗansu na fari, injiniya a kamfanin, shi ya yi musu kyautar yawon. Su kuwa ba kallo ya fito da su ba. Yayar Talatuwa, matar Malam Tanimu, tana kwance rai a hannun Allah a Kwatar Dogo, wani ƙauyen masunta da ruwa ya cinye tsohuwar hanyarsa. Titin kamfani kaɗai ke giftawa ta bayansa. Ba su gaya wa yaron ba, don kada ya ga kamar sun raina kyautarsa. Malam Tanimu ya ce wa matarsa ta kwantar da hankalinta, mota dai mota ce, in an zo wurin sai ya buga jikinta ya ce akwai, ta tsaya.

Gane wurin ma sai da ya zama aiki. Gilasan motar ba gilasai ba ne na Allah da Annabi. Duk abin da kamfani ya ga zai ɓata wa mai yawon buɗe ido rai, bukka ce, juji ne, hayaƙin banda ne, sai gilashi ya shafe shi ya dasa dabino a wurin. Kwana da kwanaki suna ganin farin yashi da tsuntsaye, ba su ga mutum ko ɗaya yana wanki a bakin ruwa ba. Malam Tanimu ya lura da cewa dabinon ƙarya ba ya kaɗawa in iska ta taso. Da hantsi ya ga dabino jere reras, tsaye ƙyam kamar sojoji, ga kuma wata tsohuwar hasumiyar ruwa da ya sani tana leƙowa ta samansu.

Ya buga bango da tafin hannu. "Akwai."

Motar ta tambaye shi cikin ladabi ko ƙarin shayi yake so.

Ya yi mata bayani yadda ake yi wa ɗan sanda mai taurin kai, da lallashi, da kirari, har ya kira ta ranki ya daɗe. Ta ce nan ba wurin kallo ba ne. Ya ce ba kallo ba, ciwo ne. Ta auna jininsa daga kujera ta ce lafiyarsa ƙalau. Ya ɗauki waya, babu sabis. A ƙarshe ta ce hanya ɗaya ce: wanda ya yi musu rajista ya riga ya sa wa ƙofar mabuɗin gaggawa, kuma mabuɗin sunansa ne na yanka, da muryar uwarsa ko ta ubansa.



Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, babu ɗayansu da ya taɓa furta shi. Ɗan fari ne. Talatuwa ko ido ba ta cika haɗawa da shi ba, in za ta ambace shi sai ta ce yaron nan. Malam Tanimu, da ya ga bariki ya ga duniya, iyakarsa ya ce Injiniya.

Ya gwada Injiniya, motar ta ce ba shi ba ne. Ya ce to mai sunan limamin unguwarsu, ta ce ba ta san limamin ba. Ya nemi ta ba shi allo ya rubuta, ta ce murya aka ce. Hasumiyar ruwa ta zo daidai da su, ta wuce, ta fara ƙanƙancewa a gilashin baya.

"Malam, ka faɗa mana," in ji Talatuwa, ba ta ɗago kai ba.

"Yayarki ce fa."

"Kai ne namiji. Kai da ka ce duk mota tana jin maganarka."

Ya buɗe baki. Mutumin da ya yi cacar baki da jami'an iyaka a ƙasa uku, sai ga shi ya kasa furta sunan ɗansa. Ya tashi ya daki ƙofa da kafaɗa, ya nemi ƙarfen da zai ɓalle ta, bai samu ko cokali mai kauri ba. Motar ta roƙe shi ya zauna, ta kuma sanar da su cewa nan gaba kaɗan za su ga masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai.

Sun yi nisa ƙwarai kafin Talatuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta faɗa a hankali, motar ta ce ba ta ji ba. Ta sake faɗa.

"Haladu."

Motar ta gangara gefe, ƙofa ta zuge. Zafi da warin kifi suka buge su. Babu dabino ko ɗaya, sai ƙaya da tsummokaran komar kamun kifi.

Da ƙafa suka koma, tsofaffi biyu a gefen titin da ba a yi shi don masu ƙafa ba. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga Kwatar Dogo, suka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga bayan gari da fartanya a kafaɗa. Wani dattijo ya gane Talatuwa. Ya ce yayar tata da azahar ta cika, kuma tun safe take tambaya ko motar ƙanwarta ta wuce.

A kan tudun maƙabarta sabis ya dawo, wayar Malam Tanimu ta yi ƙara. Yaron ne, muryarsa cike da murna. Ya ce motar ta turo masa sautin, ya saurara ya fi a ƙirga. Ya ce da gangan ya sa mabuɗin, ya ɗauka a wani wurin shaƙatawa za su buƙace shi, a yi dariya. Shi dai tun yana ƙarami yake son ya ji sunansa a bakin Inna, ko sau ɗaya.

Malam Tanimu ya miƙa wa matarsa wayar. Ba ta karɓa ba, idonta na kan ɗanyar ƙasa.

"Ka gaya wa yaron nan mun iso," ta ce.

Ita kuwa motar, da ta jira iya lokacin da aka ƙayyade mata, sai ta rufe ƙofarta ta ci gaba da zagaye tafkin, tana zuba shayi a kofi biyu, tana gaya wa kujeru su dubi hagu su ga abin da ɗan'adam ya yi.