Ranar da Nyameke Ya Durƙusa wa Manza

"To ka fasa aurena mana, Homiya, tunda gaggawa kake yi."

"Haba sanyin idona... shekara biyu ce gaggawar? Ɗakin da na gina miki har gizo-gizo ya yi jikoki a ciki."

Dariya ta taso wa Bozoma, ta danne ta. Suna tsaye ne a inuwar kwakwa, bayan inda mata ke bandar kifi.

"Ka dawo garinmu ka zauna."

"In bar tsohuwata makauniya da wa? Ke ki taho."

"In bar Baba da wa? Wa zai kira masa Manza?"

Matsalar ke nan. Manza zakanyar-tekun gidansu ce, mai kai da fukafukan mikiya, jiki da bindi na zaki, gashinta toka-toka kamar ruwa kafin hadari. Ita ke tashi sama ta hango garken kifi ta ja jirgin Nyameke, mahaifin Bozoma, zuwa wurin. A tsakar gidansu ta girma, ba ta amsa wa wanda ba ta san warinsa ba. Kiran kuwa aikin mata ne tun kakanni. Uwar Bozoma ta rasu, ba ƙanwa, ba ya. Duk ranar da Bozoma ta tare a tsallaken ruwa, jirgi mai mutum goma sha biyu ya makance.

Can idanun Bozoma suka kawo haske.

"Masoyi, kada ka koma yau. Gobe da sassafe ka same ni a dutsen sheƙar Manza."

Ta tarar da mahaifinta yana ɗinkin koma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa kai tsaye.

"Baba, kai za ka koyi kiran."

"Ni? Zakin-teku ba ya jin muryar namiji."

"Baba, ka taɓa ganin namijin da ya gwada?"

Ya girgiza kai. Bai taɓa gani ba, kuma babu wanda ya taɓa gani. Haka maza suke: abin da suke jin kunyar yi sai su ce ba ya yiwuwa, su bar wa mata wahalarsa. Daga ƙarshe dai ya yarda zai gwada.

Kafin rana ta fito labari ya zaga gari. Mata suka bar tukwanen rogo a wuta, masunta suka bar igiya a yashi, kowa ya yi dutsen sheƙa da gudu. Bozoma na gaba, Homiya na biye da kwaryar kifi.

Nyameke ya hau dutsen, ya gyara zanensa a kafaɗa, ya turo ƙirji. Ya kwarma kiran da irin muryar da yake tsawata wa masu tuƙi.

Manza ta leƙo daga sheƙa. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya masa bindi.

Armo, tsohon abokinsa mai riƙe da akalar jirgi, ya riƙe ciki.

"Shugaba, wannan ba kira ba ne, sammaci ne."

"Rufe mini baki, mai kan kaguwa."

Ya sake kwarmawa. Wannan karon ta taso. Fukafukanta suka tare rana, yara da manya suka sunkuya, ta wuto ta saman kansa ta fizge zanen kafaɗarsa, ta kai shi tsakiyar ruwa ta saki. Bakin teku ya kaure da shewa.

Bozoma ta hau dutsen da sauri, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ba muryar ba ce. Ba ta sauka gaban wanda kansa ya fi nata tsawo. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka ɗaga kifin a tafin hannu... shi ke nan sirrin. Haka Inna ta koya mini."

"In durƙusa? Gaban gari? Gaban Armo?"

"Ni kullum ina yi, Baba. Shekara tara."

"Ke mace ce."

Maganar ta doke ta.  Ta share ido da bakin zani, ta juya ta dubi Homiya.

"Ka ji. Ka koma wajen tsohuwarka, ka gaishe ta... ka ce ta nemo maka wata. Ba zan bar gida goma sha biyu da yunwa ba."

"Bozoma... rabin raina, kada ki..."

"Ka tafi, don Allah, tun ban fara kuka a gaban mutane ba."

Shewar ta mutu. Nyameke ya tsaya yana kallon 'yarsa. Zaninta ya ɗan ɗaga, sai ya ga gwiwoyinta, baƙi ƙirin, sun yi kanta kamar na raƙumi. Shekara tara yana cin kifin gwiwoyin nan, bai taɓa duban su ba.

"Kai yaro, miƙo kwaryar nan."

Gwiwarsa ta dama ta yi ƙara, ta hagu ta bi ta. Ya sunkuyar da furfurarsa, ya ɗaga kifin, ya yi kiran a hankali.

Iska ta kaɗa. Farata suka karci dutse a gabansa. Manza ta shinshina ƙeyarsa, ta ɗauki kifin daga hannunsa ba tare da ta taɓa fatarsa ba, sannan ta buɗe fukafukai ta nufi teku tana kukan da ke nufin a biyo ta.

"Ta amsa! Baba, ta amsa!"

Bozoma ta faɗa jikinsa tana dariya tana kuka. Masunta suka ruga wajen jirgi. Armo ya wuce yana jan majina, ko kalmar tsokana ɗaya bai samu ba.

Nyameke ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya harari Homiya.

"Ka tsaya kana washe haƙora? Zo ka ɗaga surukinka. Jibi ka turo magabatanka, kafin in canza ra'ayi."