Tulin Duwatsunmu

Takalmina ne a ƙafarta!

Shi na fara gani da na ƙarasa ƙolin dutsen ina haki. Auta, 'yar Gwaggona, ta miƙe ƙafa, masoyina kuma ya durƙusa yana ɗaure mata igiya.

"Jagora..." na kira shi. Kowa haka yake ce masa, don raka masu hawan dutse ne sana'arsa.

Ko miƙewa bai yi ba.

"A'a, manaja! Yau an sako ki?"

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi.

Da can duk Asabar tare muke hawowa. In mun iso sai mu ɗora dutse ɗaya a kan ɗan tulin da muka fara, ya ce, "Sanyin idona, ranar da ya kai ƙuguna zan turo magabatana."

Umma kam ba ta so. "Mutumin da ya haɗa sana'a da awaki ne mijin?"

Gwaggo ce ta share min hawaye, ta ba ni kujerar manaja a kamfaninta na jigilar kaya. Har kukan murna na yi, ni sakarya! Sai ga shi duk Asabar motoci na isowa, Gwaggo ta tsare ni a ofis.

"Ɗiyata, wa zan yarda da shi in ba ke ba?"

Ni da bakina na roƙi Auta ta je ta ba Jagora haƙuri. Ta ce ba ta da takalmin hawa, na ɗauko nawa na ba ta. Ashe kura na ba ajiyar nama.

Yau na rufe ofis na gudo da takalmin aiki, duk ya sale min dunduniya. Na kalli tulin. Ya kai ƙugu, har ya gota.

"Wa ya cika shi?"

Auta ta rausayar da kai. "Haba Yaya, ke fa kika aiko ni. Ɗan aike ai ba ya dawowa bai gama aiki ba."

"Jagora, ka ce min wasa ne! Don mu nake wahalar nan, don mu samu abin zama!"

"Na jira ki har na gaji," ya ce yana karkaɗe gwiwa. "Ita ko ana ruwa tana zuwa. Jiya magabatana suka je gidan Gwaggonki."

Na faɗa kan tulin ina tono na ƙasa.

"To a ba ni nawa! Na ƙasan nan nawa ne!"

Ya riƙe hannuna da wannan tattausan riƙon da na sani.

"Bari mana. In kin zare su, namu zai rushe."

Namu...

Ni kaɗai na sauko, ina ɗingishi ina kuka. A gindin dutsen waya ta kama, sai ga kiran Gwaggo, muryarta har da dariya.

"Ɗiyata, Asabar ɗin nan na yafe miki. Amma ta ƙarshen wata ki fito da wuri, ke za ki riƙe mana ofis. Mu duk muna wajen ɗaurin auren ƙanwarki."